Wanda Ya Sayi Gida Ya Sayi Alkawarin Da Ke Cikinsa

A bara na sayi gida a Katabu, kusa da Mararrabar Jos, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Na tarar da ɗan haya a ciki, magidanci mai iyali, wanda ya riga ya biya kuɗin shekara, saura masa wata 5. Dillalin da ya haɗa cinikin ya ce da ni: "Malam, yanke masa wuta, ka cire ƙyauren ɗakin, cikin mako zai kwashe kayansa." Abin takaici, har wasu abokan aikina a jami'a suka ce da gaskiyarsa.

A matsayina na mai nazarin harshe, kalma guda ce ta hana ni sakat. "Mai gida" shi ne mamallakin gini, "maigida" kuwa shugaban iyalin da ke kwana a ciki. Takardar ciniki ta mai da ni na farko, amma wannan bawan Allah yana nan a matsayin na biyu.

Doka ma ba ta tare da dillali. Muddin yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6, mai hayar wata kuma sanarwar wata 1. Bayan haka sai wa'adin kwana 7, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. A fiƙihun Malikiyya kuwa, sayar da gida ba ya rushe hayar da ke kansa.

Na san uzurin masu saye. Ni ma da bashi na biya, ana kuma cire shi daga albashina kowane wata. To amma wannan nauyi nawa ne, ɗan haya bai ci ko kwabo a ciki ba.

Saboda haka muka zauna mu uku gaban mai unguwa. Tsohon mai gidan ya mayar mini da kuɗin wata 5, muka rubuta sabuwar yarjejeniya, na kuma sanar da ɗan hayan ƙarin da zan yi tun kafin lokaci.

Ya ɗan'uwa mai niyyar saye, nemi rasiɗin haya kafin ka biya, kamar yadda kake neman takardar fili a KADGIS. Yawancinmu daga gidan haya muka fito, wasunmu har yanzu suna ciki. Allah Ya sa mu tuna.