Tafkin Madarumfa: a sauka daga mota



Ran Lahadin da ta wuce na aje mota a Madarumfa, na bi gaɓar tafki da ƙafa tun hantsi har azahar. Wanda ya leƙi ruwan nan ta tagar mota bai ga kome ba. Mai tafiya ƙasa shi ke ganin masunta na jan koma, balbelu na bin shanu, ya ratsa inuwar kukoki har ya iske kaburburan waliyyai, waɗanda aka ce su 99 ne kewaye da tafkin. Masu ziyara na zuwa daga Maradi, wasu daga Najeriya, su yi addu'a, su ba da sadaka.

Ga abin da ya tsaya mini a rai: inda na tarar da kabari, na tarar da itatuwa tsaye. In na ƙara gaba kaɗan, sai kututture. Ashe gatari ya fi jin kunyar waliyyi bisa ga tsoron ma'aikacin gandun daji.

A shekarar 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan daji da tafki da kaburburan a matsayin gado guda, har yau kuwa suna cikin jerin masu jira. A 2019 tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Takardu sun yi kyau, ba mu musu. Amma rairayi bai iya karatu ba, yana ta cike tafkin. Gulbin Maradi ba ya kawo ruwa kamar dā tun da aka yi madatsar Jibiya a jihar Katsina, murahun Maradi kuma kullum suna cin itacen Babban Rafi.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane amfanin haɗa daji da wurin ibada. A Koriya ta Kudu akwai dutsen Gayasan, gandun ƙasa tun 1972. A gindinsa mabiya Buda ke da wurin bauta mai suna Haeinsa, inda suke adana alluna sama da 80.000 da aka sassaƙa wa rubutu a ƙarni na 13. UNESCO ta karɓi ma'ajin a 1995. Addininsu nasu ne, dabararsu nake dubawa: turba ce ta ƙafa ke ɗaukar mutum daga wurin bautar zuwa ƙwanƙolin dutse. Mai ziyara ya san daji, mai yawon daji ya girmama wurin.

Turba irin wannan ba ta bukatar miliyoyi. Hukumomin gari da sarakuna da malamai su shata ta, a dasa itatuwa gefenta, a kafa alluna da boko da ajami, a koya wa samari rakiyar baƙi, a riƙa kai ƴan lakwal. Ni da kaina sau biyu na ɓace hanya ran nan. Wani yaro makiyayi ya maido ni, bai nemi ko dala ba, ya kuma nuna mini kaburbura uku da na wuce ban sani ba.