Takardar Gwaji Tana Hannunka: Wa Zai Karanta Maka?

Akwai kwanakin da suka fi daren ciwo tsawo: waɗanda ke tsakanin ranar da aka ɗebi jininka da ranar da likita zai faɗa maka abin da ya gani. Ka dawo gida Trikania daga asibitin St. Gerard ko na Gwamna Awan a Kakuri, ko ka hayo gada daga Barau Dikko, takarda a aljihu cike da lambobi da Turancin da ba ka sani ba, an ce ka koma mako mai zuwa. Abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace. A irin wannan lokaci ne kerkeci yakan shigo garke.

Bara aka yanki ɗan nama daga kumburin da ke ƙirjin wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu, domin a bincika. Kafin sakamako ya fito, maƙwabciya ta kai ta wurin wani mai kiran kansa annabi. Ya ce jifa aka yi mata, ya sayar mata da mai da ruwa, ya kuma ce komawa asibiti raina ikon Allah ne. Wata bakwai ba ta koma ba. Da ta koma, cutar ta riga ta yaɗu. Mun binne ta kafin Kirsimeti, ta bar 'ya'ya huɗu.

Ƙarya biyu suka raba ta da taimako. Ta fari, wai tsoro shaidar rashin bangaskiya ce. Wanda ya faɗi haka, shin ya karanta abin da ya faru a Getsamani? Ubangijinmu Yesu ya san abin da ke gabansa, baƙin ciki ya danne shi, har ya roƙi Bitrus da Yaƙub da Yahaya su zauna a faɗake tare da shi. Idan Ɗan Allah bai ɓoye damuwarsa ga almajiransa ba, wa ya ba wani izini ya kunyata mace mai kuka a majami'a?

Ƙarya ta biyu, wai likita kishiyar addu'a ne. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka, wanda ya rubuta bishara ta uku, likita ne. Mu kanmu bishara da magani tare suka iso mana: Dokta Andrew Stirrett na SIM, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya yi wa'azi yana jinyar marasa lafiya har ya rasu a Jos a 1948. Waɗanda suka buɗe asibitin Vom a 1922 ba marasa bangaskiya ba ne.

Akwai kuma tarkon da kai kake ɗana wa kanka: ka miƙa takardar ga mai kemis, ko ka kwana kana binciken kalmominta a waya. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rabin sani ya fi shi. Iyakar da ake rubutawa kusa da lambarka galibi an tsara ta ne ta ƙunshi kashi 95 cikin 100 na masu lafiya. Wato mutum 1 cikin 20 zai iya fita daga iyakar alhali lafiyarsa ƙalau. Gwajin Widal shi kaɗai bai isa ya tabbatar da taifot ba. Wanda aka ga alamar ciwon hanta nau'in B a jininsa, akwai sauran gwaje-gwaje kafin a san halin da hantarsa take ciki, kuma da yawa suna rayuwa da shi shekaru masu yawa ƙarƙashin kulawar likita. Naman da aka yanka kuwa sai an sarrafa shi, an yayyanka siriri, an rina, sa'an nan masani ya duba da madubin ƙara girma. Jinkirinsa ba hukuncin mutuwa ba ne.

To, me za ka yi kafin ranar? Faɗa wa mutum ɗaya amintacce, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Rubuta tambayoyinka, ka tafi da wanda zai taya ka sauraro. Kada ka daina maganin da aka ba ka don wani ya yi mafarki. Idan zafi ya tsananta, ko jini ya zubo, ko numfashi ya yi wuya, kada ka jira ranar da aka sa maka, koma nan take. Ka yi addu'a da gaskiyar zuciyarka, har da tsoron.

Ku dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata, aikinmu ba fassara takarda ba ne. Aikinmu mu zauna da mai jira, mu kai masa tuwo, mu biya kuɗin keke, mu raka shi har ƙofar likita. Ban yi maka alkawari sakamakon zai yi daɗi ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar, ba a cire ba, aka ba shi alheri mai isarsa. Wanda ya san abin da ke cikin jininka tun kafin a ɗiba, shi zai shiga ɗakin likita tare da kai. Tashi ka je ka karɓi sakamakonka. Ubangiji ya riƙe ka. Amin.