Wa ya ba baffa ikon yafe diyyar marayu?

Duk wanda ya taɓa zaman makokin mutumin da mota ta kaɗe ya san yadda ake yi. Ranar uku sai ga mai motar tare da shugabannin tasha, a sauke buhun shinkafa a zaure, a cusa ambulan ƙarƙashin tabarma. Ba su gama gaisuwa ba baffan mamaci zai gyara murya: "Kwana ne ya ƙare. Mun yafe, duniya da lahira." A shafa fatiha, a watse ana yaba tawakkalin gidan. Matar da ke takaba a ƙuryar ɗaki da yara biyar kuwa, ko leƙa ta ba a yi ba.

Mun ɗauka neman diyya rashin imani ne, wai cin kuɗin jini. To wa ya shar'anta diyyar? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, wato irin wanda direba ke yi ba da niyya ba, kuma ta wajabta a miƙa diyya ga iyalan mamaci sai in su ne suka bar ta sadaka. Sunna ta ƙayyade raƙuma ɗari. Malaman fiƙihu sun yi wa ido da hannu da haƙori kowanne nasa ƙima. Su ba su san ƙaddara ba ne?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke yafewar. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran dukiyar mamaci. In mamaci ya bar ɗa namiji, baffa ba shi da ko sisi a ciki. Ya yi kyauta da kayan da ba nasa ba, ya kwashi yabo, bayan wata shida a cire yaran daga makaranta, babbar ta koma tallar gyaɗa. Shi kuma a lokacin sai dai ka ji yana cewa zamani ya yi tsanani.

Za a ce direban talaka ne, me za a samu a jikinsa? Ai shi ya sa shari'a ta ɗora diyyar kuskure a kan dangin mai laifi, ba shi kaɗai ba. Dokar ƙasa ma ta yi nata tanadin. Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi a Nijeriya inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, ɓarnar dukiya kuma ana biya har naira miliyan 3, ban da rauni da rasa rai. Kamfanin inshora ne zai biya. In ka yafe, kamfanin ka yafe wa, shi da ya riga ya karɓi kuɗinsa. Matsalar dai ita ce takardun bogi da 'yan kamasho ke sayarwa a bakin ofisoshin lasisi, kuma suna cin kasuwa ne don sun san ba mai zuwa neman haƙƙi.

Ba hatsarin mota kaɗai ba, ma'aikacin da inji ya cinye wa yatsu shi ma yana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta sa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, inda ake biyan diyyar.

Haƙƙi ba ya fitowa da baki kawai. A rubuta lambar motar, a karɓi rahoton 'yan sanda, a adana takardar likita da kowane rasit na asibiti, a riƙe sunayen shaidu, a ga lauya da wuri domin ƙara tana da wa'adi. Baligin da ya ga dama ya yafe kasonsa, Allah ya ba shi lada. Amma malamai da masu unguwanni, don Allah idan an zo sulhu ku fara tambaya ko akwai maraya a gidan.