Fulawar roba ba za ta kai mu ko'ina ba

'Yan uwa ɗalibai na Mubi, 'yan ADSU da 'yan Poli. Ku yi haƙuri, yau rubutun nawa da ɗan tsayi.

A samistan da ya wuce an yi gasar kwalliyar teburi a dinar 'yan sashenmu, mu biyar muka shiga. Ni da nake ganin kaina gwana, har ana kirana aikin biki a Lokuwa da Shuware, na zo ta huɗu. Wallahi ranar ban yi barci ba. Na tsinko furannina da azahar cikin tsakar rana, na jera su kusa da tiren ayaba da kankana, kafin isha'i duk sun langaɓe kamar an zuba musu ruwan zafi. Wadda ta ci gasar kuwa ko kwabo ba ta kashe a fure ba. Busasshiyar kyasuwa ta samo, da ganyen kaba, da zangarniyar gero guda uku, ta dasa su cikin ƙaramar tukunyar ƙasa. Kowa ya tsaya ɗaukar hoto.

Daga ranar na yarda cewa yawancinmu masu cewa muna dekoreshin kwafa kawai muke yi. Mu ɗauko hoto a Instagram, mu sayo fulawar roba 'yar Chana, mu liƙa a labule. Shi ya sa in ka je biki goma a garin nan kamar biki ɗaya ka je. Mai biki kuma tunda ya ga duk ɗaya ne, wanda ya fi araha zai kira. Ga dalilin da ya sa ake taya mu aikin wuni guda da kuɗin da bai wuce na Keke da abinci ba.

A wasu wurare sana'a ce da ake gasa a kanta. Bikin furanni na Chelsea a Landan tun 1913 ake yinsa. Gasar WorldSkills, wadda aka yi a Lyon ta Faransa a 2024, tana da ɓangaren tsara fure, kuma matasa sa'anninmu ne ke shiga. Nan Afirka ma Kenya na noman wardi a gefen tafkin Naivasha ana ɗora shi a jirgi zuwa kasuwar Aalsmeer ta Holan. Ban ce gobe za mu je can ba. Amma abin da alƙalansu ke dubawa, mu ma za mu iya koyonsa a ɗakin hostal.

Ga abin da na koya bayan na sha kunya. Fure da sassafe ake yankarsa, kafin rana ta tsotse ruwan jikinsa. A yanke kara a karkace da reza mai kaifi, a tsoma a ruwa nan take. Duk ganyen da zai nutse a cire, don shi ke ruɓewa ya toshe karan. A ruwan a sa ɗan sukari, da ɗigon lemon tsami, da ɗigon bilic kaɗan don kashe ƙwayoyin cuta. Kar a ajiye kusa da nunannun 'ya'yan itace, suna fitar da wani iska da ke saurin tsufar da fure. Abin da ya kashe ni ke nan.

Wajen tsari kuwa, tsayin furen ya kai kamar ɗaya da rabi na tsayin tukunyar. Kala kar ta wuce uku. A zaɓi wuri ɗaya da ido zai fara sauka, sauran su yi masa rakiya. A bar fili, ba dole sai an cusa ko'ina ba. Sannan a riƙa gwaji da agogo: minti talatin, a ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, a wargaza a sake. Ni yanzu duk Asabar nake yi, kuma 'yar ɗakinmu da ba ta iya ɓoye magana ita ce alƙaliyata.

Kayan aiki kuma Allah ya ba mu. Gurjiya na fitar da jan fure lokacin hunturu, marga na zubo da ruwan ɗorawa gab da damina, ga bado a tafki, ga ciyayi iri-iri a bakin Yedzaram da gindin duwatsu. Wannan ciyawar mai gashi da amare ke so a hotunan Turai, kyasuwarmu ta kusa yin kama da ita. Sai dai a kiyayi tumfafiya, ruwanta na cutar da ido.

Na san wani zai ce, ana fama da kuɗin rajista da na handawut wa ke ta fure? Ai saboda kuɗin rajistar nake magana. Biki ba ya ƙarewa a Mubi, ga walima, ga suna, ga bikin yaye ɗalibai duk shekara. Garin da mutane suka watse a 2014 suka dawo suka sake gina shi ya cancanci ya yi biki da kyau. Kuma samari masu cewa aikin mata ne, ku duba su wa ke kafa rumfa da jera kujeru a wurin bikin, su wa ke karɓar manyan kwangilolin.

Roƙona ga shugabannin SUG na makarantun biyu: a makon ɗalibai a sa gasar tsara fure da gaske. A rubuta ƙa'ida tun kafin ranar, maki nawa ga tsari, nawa ga kala, nawa ga ƙarkon fure bayan awa shida. A hana roba. Alƙali kar ya zama abokin kowa, kuma bayan sakamako ya gaya wa kowa inda ya kuskure. Malaman darasin koyon sana'a su ma su sa hannu.

Wanda ke so mu riƙa gwaji tare ranar Asabar ya yi magana a ƙasa. Ku zo da reza da tukunya, ni zan kawo kyasuwa.