Sharhi: Bindiga da Dillalinta



Tun shekara ta 1959, Nijeriya ba ta ko sami mulkin kai ba, aka kafa dokar da ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa, da na amfanin kai, irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun sufeto janar na 'yan sanda, sa'an nan bindigar toka ta maharba, wadda al'amarinta ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Duk wanda ya dubi sharuɗɗan da ta gindaya, cewa ba a ba yaron da bai cika shekara 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin zubar da jini ko tashin hankali cikin shekara 5 da suka shige, lalle zai shaida akwai hikima a cikinta, domin kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a.

Ina jin masu cewa a sakar wa kowa mara ya mallaki makami, ban kuma raina hujjarsu ba, don manomin da aka raba da gonarsa, aka sace masa iyali, ya cancanci uzuri. Amma bindigar da aka saya domin ɓarawo, ita za a ɗauko ranar rigimar iyakar gona ko rabon gado, fitina kuwa idan ta shiga tsakanin dangi, wuyar kashewa gare ta.

Asalin musibar yaɗuwar bindiga, jama'a, dillali ne. Dillalin da ya ga rumbunan makaman Libiya sun fashe a 2011, ya mai da jinin bayin Allah abin fatauci. Dillalin da ke cusa harsashi cikin buhun hatsi ya ratso iyaka da dare. Dillalin da ke zaune cikin gari, da babbar riga da carbi, ana gaishe shi da ladabi, alhali kuwa da yawa daga cikin AK-47 da ke daji ta hannunsa ko na irinsa suka bi. Ana kama ɗan banga da 'yar adakarsa a gurfanar, dillali yana gida yana ƙidayar riba. Ina adalci a nan?

Wani abin takaici kuma, dokar fashi da makami ta 1984 ta yanke wa mai riƙe bindiga ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tarar naira 20,000, kuɗin da a yau ba su kai na buhun shinkafa ba, balle su firgita mai cinikin miliyoyi.

Don Allah, masu yin doka, ku gyara wannan tara. Ku kuma hukumomi, ku bi sawun bindiga har ƙofar gidan dillalin da ya sayar da ita.