Tsohon Kare Mai Yawan Shan Ruwa: Kada Mu Ce Tsufa Ne Kawai

'Yan'uwa manoma, cikin dabbobin gida duka babu wanda yake yi mana aikin dare kamar kare, babu kuma wanda muke saurin juya wa baya kamarsa ran da ƙarfinsa ya ƙare. Saniya ta yi tari, nan da nan a nemo malamin dabbobi. Akuya ta ƙi dusa, maigida ba ya barci. Amma karen da ya shekara 9 ko 10 yana tsaron rumbu da turke da akurkin kaji, idan ya soma ciwo sai a ce, "Ai tsufa ne," shi ke nan an gama magana. A ganina wannan bai kyautu ba. Sau da yawa abin da muke kira tsufa cuta ce mai suna, wadda ake iya ganewa, ake kuma iya sauƙaƙe wa dabba wahalarta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce cutar Kushin.

Mece ce cutar Kushin?

An ba ta sunan wani likitan Amurka ne, Kushin, wanda ya bayyana ta a jikin mutane a shekarar 1932. Daga baya likitocin dabbobi suka ga tana kama karnuka ƙwarai, musamman waɗanda suka wuce shekara 6.

Ga yadda take. Kusa da kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙululu da yake fitar da wani sinadari mai suna kotisol. Jiki yana bukatar kotisol domin ya jure wahala, da yunwa, da tsoro. A gindin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan ƙululun, shi ne kamar sarkin noma: shi yake aika saƙo a ƙara kotisol ko a rage. Idan ƙari ya tsiro a ɗaya daga cikin wuraren nan biyu, sai kotisol ya yi ta zuba cikin jini ba tsayawa. Cikin karnuka 100 masu cutar, wajen 80 zuwa 85 ƙarin yana gindin ƙwaƙwalwa ne, kuma yawancinsa ƙarami ne, ba mai yaɗuwa ba. Sauran kuwa ƙarin yana kusa da ƙoda.

Ku lura da wannan da kyau: cutar Kushin ba a ɗaukarta. Ba ta kama yara, ba ta kama awaki ko wani kare. Ba ruwanta da ciwon haukan kare. Saboda haka babu dalilin kashe kare ko korarsa domin tsoro.

Yadda za a gane ta

Cutar tana shigowa sannu sannu ne, shi ya sa take ruɗin mutane. Alamunta su ne:

1. Kare yana shan ruwa fiye da kima, yana fitsari a kai a kai, har a inda bai saba yi ba.
2. Yana jin yunwa kullum, har ya soma satar abinci, halin da ba shi da shi a da.
3. Cikinsa ya yi tulu ya sauko, amma bayansa da cinyoyinsa suna ramewa.
4. Gashi yana zubewa daidai wa daida a gefen dama da hagu, ba tare da ƙaiƙayi ba.
5. Fata ta yi sirara, miki ba ya warkewa da wuri.
6. Yana haki ko yana kwance a inuwa, tashi kuma yana yi masa wuya.

Ƙazuwa ma tana zubar da gashi, amma mai ƙazuwa yakan yi ta susa. Tsutsar ciki tana kumbura ciki, amma ta fi yin haka ga 'yan kwikwiyo. Yawan shan ruwa kuma yana iya zama ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko kuwa mahaifar karya ta tara mugunya, wanda yake iya kashe ta cikin 'yan kwanaki. Domin haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita ne zai auna fitsari da jini. A gwaji ɗaya da aka fi yi, ana ɗibar jini, a yi wa kare wata 'yar allura, sa'an nan a sāke ɗibar jini bayan awa 4 da kuma bayan awa 8.

Awon da kowa zai iya yi a gida

Kafin a kashe kuɗin mota, ga abin da ba ya cin ko kwabo. A ɗauki karen a hau sikelin ƙungiya na awon hatsi, a sāke hawa ba kare, a debe wannan daga wancan. Ka sami nauyinsa ke nan. Sa'an nan a ware shi a inuwa kwana 3, ana auna ruwan da ake zuba masa da gora wadda aka san cinta, ana rubutawa. Kare mai kilo 15, idan lafiyarsa ƙalau, abin da yake sha dare da rana bai cika wuce lita 1 ba. Idan yana wuce lita 1 da rabi kullum, watau lita 1 ga kowane kilo 10 na nauyinsa, to, akwai magana. Da bazara kowace dabba takan ƙara shan ruwa, saboda haka a gaya wa likita lokacin da aka yi awon. Wannan 'yar takarda ta kwana 3 ta fi dogon bayani amfani a wurinsa.

Abu ɗaya ne nake roƙo kada a yi ko kaɗan. Idan kare ya soma fitsari a tsakar gida, uwargida takan gaji da shara, sai a ɗauke kwanon ruwa domin fitsarin ya ragu. Wannan ganganci ne. Ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa, fitsarin zai ci gaba da zuba ko ya sha ko bai sha ba, sai jikinsa ya bushe. A bar masa ruwa dare da rana, a sauya masa wurin kwana zuwa inda fitsarin ba zai dami kowa ba.

Cutar da muke jawowa da hannunmu

Akwai hanya ta uku da cutar take zuwa, kuma ita ce ta fi shafarmu. Magungunan nan da ake kira deksametason da firedinisolon 'yan'uwan kotisol ne, aikinsu ɗaya a jiki. Ana samunsu a shagon magani, har da tebur a kasuwar ƙauye. Kare yana susa, a yi masa allurar deksa, susa ta tsaya, ya kama cin abinci, kowa ya ce magani ya yi. Bayan mako 2 susa ta dawo, a sāke. Haka wata da watanni, sai ga ciki ya yi tulu, gashi ya zube, ga ƙishirwa ba iyaka. Mun saya wa karenmu cutar Kushin da kuɗinmu ke nan, kaska ko ƙuma ko ƙazuwar da ta kawo susar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba.

Wannan irin tana warkewa idan an janye maganin. Amma fa kada a tsayar da shi farat ɗaya, gama jikin ya riga ya daina yin nasa kotisol, tsayarwa haka tana iya kashe dabba. Likita ne zai rage shi kaɗan kaɗan. Wanda ya je asibitin dabbobi ya tafi da kwalba ko kwalin duk abin da aka taɓa ba karen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magani da nauyinsa

Idan ƙari ne ya kawo cutar, gaskiyar magana ita ce magani ba ya tumɓuke ta, rage kotisol yake yi. Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne tirilosten, da ake sayarwa da sunan Vetoryl. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin karnuka a shekarar 2008. Kafso ne da ake bayarwa kullum tare da abinci, muddin ran kare. Akan sāke awon jini bayan kwana 10 zuwa 14, da bayan wata 1, da bayan wata 3, daga nan kowane wata 3. Idan maganin ya yi yawa, kare zai ƙi abinci, ya yi amai ko zawo, jikinsa ya mutu. Ran da aka ga haka a dakatar da kafson, a nemi likita a ranar. Mace mai ciki kada ta taɓa wannan magani, a kuma ɓoye shi daga yara. Karen da yake shan irin waɗannan magunguna kada a sayar da shi ga masu sayen karnuka domin nama.

Idan magani ya karɓe shi, ƙishirwa da yunwa sukan ragu cikin 'yan makonni, gashi kuwa sai bayan watanni. Yawancin karnukan da ake yi wa magani sukan ƙara wajen shekara 2, waɗansu fiye. Maganin daga ƙasashen waje ake kawo shi, yana da tsada, kuma irin wannan awon jini sai manyan wurare, kamar asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Ga masu cewa, "Mutane ma ba su sami magani ba"

Na san wani zai ce, "Malam, kuɗin makarantar yara bai samu ba, taki bai samu ba, kana zancen kafson kare?" Maganarsa tana kan hanya. Ba na ce wa kowa ya sayar da buhun masara ya bar iyali da yunwa saboda kare. Yaro yana gaba da dabba, wannan ba abin gardama ba ne.

Amma a duba abin da nake nema. Ruwa, inuwa, awon kwana 3, da barin allurar kasuwa: cikinsu wanne ne ya fi ƙarfin talaka? Na ƙarshen ma ajiyar kuɗi ne. Karen da alamunsa ba su yi tsanani ba, likita da kansa yana iya cewa a dakata da magani, a lura da shi kawai. Irin wannan kare a raba masa abincinsa kashi 2 ko 3 a yini, kada a ƙara masa domin yana roƙo, a rage masa kitse da maiƙo. A cire masa kaska, a wanke miki da ruwan gishiri tun yana ƙarami, gama kotisol yana raunana garkuwar jiki. A hutar da shi daga farauta da bin garke cikin rana. Kunnensa da haushinsa suna nan, zai ci gaba da tsaron gida daga ƙofar zaure. Rashin kuɗin Vetoryl dalili ne na barin Vetoryl, amma bai zama dalilin barin kwanon ruwa a bushe ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba ƙungiyoyinmu shawara uku. Ta fari, a sa rana ɗaya kowace shekara, bayan kaka, a haɗa kuɗin mai a gayyato likitan dabbobi ya yi wa karnukan gari allurar rigakafin haukan kare. A ranar nan ya duba kowane karen da ya wuce shekara 7. Tafiya ɗaya, aiki biyu. Ta biyu, magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya domin karnuka, kamar yadda ake yi wa shanun noma: shekarun kare, nauyinsa, da maganin da aka ba shi. Ta uku, a yi doka a taro cewa ɗan ƙungiya ba zai yi wa kowace dabba allurar deksa ba sai da izinin likita.

Akwai ranar da tsohon kare ba zai iya tashi ba, ba ya ci, ba ya jin daɗin kome. Ran nan ma akwai hanyar kirki. Likita yana da allurar da za ta kwantar da shi ba wahala. Kada a ba shi guba, gama kaji da yara suna yawo a wurin. Kada kuma a kai shi daji a yar.

Mun ci amfanin ƙuruciyarsa shekara da shekaru, muna barci yana gadi. A taron ƙungiya mai zuwa, bari kowa ya zo da amsar tambaya guda: shekarun karenka nawa, kuma lita nawa yake sha a yini?