Ba Kowace Agwagwar Ruwa Ce Ta Tukunya Ba

Ruwa a Fezzan ta Libiya kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin nan shi ne ran tsuntsayen da ke ƙetare Sahara. Akwai tafkunan gishiri a cikin rairayin Ubari, irin su Gabar'aun da Ummul Ma, sai kuma ruwan gari da ke taruwa a gefen Sabha, inda ciyawar ruwa ta yi duhu. A nan agwagin daji ke sauka su huta. A nan kuma masu bindiga ke jiransu, musamman tun 2011 da makamai suka bazu a Libiya. Ni da nake walda a unguwar Gurda ta Sabha na sha ganin 'yan'uwanmu Hausawa suna sayen abin da aka harbo, ba wanda ke tambayar wace iri ce. Wannan rashin tambayar ne ke damuna.

Ba sai da na'urar hangen nesa mai tsada ake koyon bambance su ba. Fara da yadda agwagwar take cin abinci. Wata kan tsoma kai ta ɗaga wutsiya sama, idan ta firgita ta yi tsalle ta tashi tsaye daga ruwa. Wata kuma nutso take yi ta ɓace gaba ɗaya, kuma sai ta yi gudu a kan ruwa kafin ta tashi. Da wannan kaɗai ka raba su gida biyu.

Cikin masu ɗaga wutsiya akwai ƙanana biyu da ke rikita mutane. Ta farko ita ce teal. Namijinta jan kai gare shi, da koren zane da ya ratsa ido, da ɗan rawaya ƙarƙashin wutsiya, kuma yawancinsu a arewacin Sahara suke cin sanyi. Ta biyu, garganey, ita ce tamu. Namijin yana da farin layi da ya taso daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, gaban fukafukinsa kuma toka-toka mai haske. Tana ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, da yawa daga cikinta kuma kan sauko zuwa Tafkin Chadi da fadamun Mali da na Haɗeja da Nguru, inda take zama da kirinjijiya da dinya har bazara. Wahalar ita ce, a watan Satumba da take wucewa kudu, namijin ya sauya gashi ya koma kamar mace. Sai ka dubi fuska: macen garganey zanen fuskarta ya fi na macen teal fitowa, bakinta ya fi tsawo, da ɗan farin ɗigo a gindinsa. A Maris, lokacin komawa, ko yaro zai gane namijin.

Cikin masu nutso kuwa, merganser, mai siririn baki da haƙora irin na zarto, kifi take bi, don haka wurinta bakin teku ne, can wajen Farwa kusa da Zuwara. Tafkin Gabar'aun ba kifi, sai ƙananan halittun gishiri da mutanen Dawada na bakin tafkin suka riƙa ci a da. Wanda ya ce ya ganta a Sabha, ya sake dubawa da kyau.

Wadda nake roƙo a kanta mai nutso ce, ja wur, namijin da farin ido, da fari tas ƙarƙashin wutsiya. Masana na kiranta ferruginous, kuma tana cikin jerin waɗanda ake fargabar raguwarsu a duniya. Ita ma Nguru da Chadi take nufa. Libiya da Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar AEWA ta 1995 kan kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura, amma takarda ba ta tsayawa bakin tafki da asuba. Maharbi ne ke can, da mai saye.

Ban ce nama haramun ba ne, kuma na san halin mai neman na kai wa gida. Amma 'yan'uwana na Gurda da Mahdiyya da Manshiyya, kafin ku miƙa dinari, ku juya tsuntsun ku dubi idonsa da wutsiyarsa. In kun ga farin ido a jan jiki, ku ƙi saye, ku kuma gaya wa maharbin dalili.